Hannun Baƙo a Allon Sinima

Ku da kuke zama a bakin shagon nan kuna latsa waya, jiya na ji ɗayanku, Nasiru, yana cika baki wai kafin shayi ya tafasa zai haɗa dodon fim da ya fi duk wanda na taɓa zanawa. Ya kuwa haɗa, ya nuna mini. Idanu ne birjik, haƙora har ƙirji, ga miyau yana dalala. Na duba na sake dubawa, na tambaye shi ko shi kansa ya ji tsoro. Ya fashe da dariya. Na ce to ka gani, kai da ka ƙirƙire shi ma dariya yake ba ka. Ku matso ku ji. Ni Lawali da dodanni na ci abinci shekara da shekaru a garin nan na Damagaram, na san wanda ke sa mutum waiwaye, na san wanda ke sa shi hamma.

Allon farko da aka bar ni na sa wa hannu na wani mai aski ne a Zango, kuma harafi ɗaya tak aka ba ni in cika da ja. Maigidana, Habu Mai Fenti, mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Na daɗe a wurinsa ban san komai ba sai wanke pinso da kananzir. Pinso shi ne abin shafa fentin, kuma na kanti tsada gare shi, don haka namu muke yi: gashin wutsiyar akuya, a daidaita shi, a matse a cikin guntun gwangwanin tumatir, a sa masa ƙota. Ƙyallen zane kuwa buhunan fulawa ne, tela ya haɗe mana su, mu shafe da farar ƙasa da ƙaro, mu ɗaure a jikin katako ya bushe ya yi tauri kamar fatar ganga. Da gawayi ake fara fitar da siffa kafin fenti ya hau.

Abin da Habu ya fi azabtar da ni a kai shi ne hannu. Sai ya tura ni kasuwa da gawayi da takardar siminti, ya ce kar in dawo sai da hannun mahauci, da na mai awo, da na tsohuwa mai kaɗi. In na kawo ya duba, ya yi tsaki, ya ce, "Wannan ayaba ka zana ko yatsu? Fuska kowa yana iya lallaɓa ta. Amma mutum tun yana goye yake kallon hannu, ko kaɗan ka kuskure sai ya gane." A lokacin haushinsa nake ji ƙwarai, ina ganin ɓata mini lokaci kawai yake yi.

Aikin da ya mai da ni mutum shi ne na sinimar Alhaji Mutari. Kar ku ɗauka irin ɗakin nan ne mai sanyi da kuke gani a waya. Fili ne mai katanga, sama a buɗe, bencina a gaba, kujerun ƙarfe a baya, ga farin bango inda hoto ke fita, ga ɗan ɗakin Mamman mai inji can sama kamar akurki. Fim yana zuwa daga Yamai a cikin gwangwanaye, yawanci takardar tallarsa ta yage a hanya ko wani ya sace ta ya liƙa a ɗakinsa. To nan nake shigowa. In kalli fim ɗin, in zana babban allo, a ɗora a kurar turawa, a zaga gari da shi ana kaɗa ƙararrawa. In na Indiya ne, a ba mace gashi har gadon baya. In na faɗa ne, a ɗaga ƙafar jarumi sama da kansa. Amma ni na ban tsoro na fi so, don a nan ne hannuna ke sakewa. Kai, na zana abubuwa! Akwai wani ƙaton gizo-gizo da na yi wanda jakin mai itace ya gani ya ƙi wucewa.

Sai shekarar fari ta zo. Iyayenku sun ba ku labari, ba sai na tsawaita ba. Gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, dabbobi suka zube, mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa cikin gari. Ruwan da dama can wuya yake mana ya zama abin da ake kwana a layi dominsa. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hajo, ta taso daga Tirmini da tabarmarta da ƙwarya guda, ta sauka a gidana a Kara-Kara. Sinima kuwa ta zama kufai. Wanda ke tunanin tuwon dare ina shi ina kallon Ba'indiya tana rawa a cikin ruwan sama?

Wata Laraba Alhaji ya kira ni da Mamman, ya zaunar da mu a benci. Ya ce, "Masu rabon dawar agaji suna neman fili mai katanga su jibge buhuna. Sun zo mini, na ce su ba ni zuwa Litinin. Ga fim guda ya iso. In ya cika filin nan kafin Lahadi ta wuce, mu ci gaba. In bai cika ba, kamiyo, babbar motar buhunan, zai shigo, in sayar da inji, kowa ya kama gabansa."

Mamman ya ce, "Alhaji, ina afish ɗinsa, takardar tallar?"

"Babu. Abin da ya sa na kira wannan ke nan."

Wa zai ba ni zanen allon shago a shekarar da shagunan ke rufewa? In sinimar ta tafi, pinsona ya tafi, ga Gwaggo a gida.

Bayan magariba muka kunna inji mu biyu muka kalla. Labarin wani abu ne da ya faɗo daga sararin sama kusa da wani ƙaramin garin Turawa, masana suna ta aune-aune da na'urori masu ƙyalli, shi kuma abin yana bin gidaje. Da farko ba laifi. Akwai ma wani wuri da wata mata ta ji motsi a bakin ƙofa, ta je ta buɗe kaɗan, sai ga hannu ya zuro, nan tsigar jikina ta ɗan tashi. Amma da abin ya fito fili, Mamman ya kusa faɗowa daga kujera don dariya. Wani ƙato ne aka sa wa rigar roba, ga tumbi, ga ɗinki ana gani a bayansa, yana tafiya kamar mai ciwon baya.

Na ce ba komai, abin da fim ya rasa allo zai cike. Na kwashi ja da kore da rawaya ban yi rowa ba. Na ba shi ƙaho, na ba shi farata kamar lauje, na buɗe masa baki ya cika rabin allon, na kumbura masa ƙirji da cinyoyi. Da na gama na ja da baya na ce yau Damagaram ba mai barci.

Ran Alhamis da hantsi aka tura kura, ni ma na bi in ga yadda za a karɓe shi. Muka tsaya a bakin Kasuwar Dole, aka kaɗa ƙararrawa, mutane suka taru. Akwai wani dattijo dogo a cikinsu, da sandarsa ta kiwo a kafaɗa, daga baya na ji daga wajen Takieta yake, garkensa duk ya ƙare. Ya ƙare wa dodona kallo daga sama har ƙasa, ya ce, "Malam, wannan a ina yake kiwo? Ka ga kitse! Wallahi da zai biyo ta garinmu, da kafin azahar mun yanka shi mun raba."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Wata mai ƙosai ta ce a ajiye mata cinya. Wani ya ce shi fatar yake so ya yi guga. Na tsaya kamar an watsa mini ruwan sanyi, don gaskiya suka faɗa. Mutanen da suka ga saniyarsu ta faɗi ta kasa tashi, suka ga rijiya ta koma rami, su zan tsorata da haƙoran fenti? Da dare 'yan tsirarun da suka shiga ma dariya suka sha, suka fita suna kwaikwayon tafiyar mai rigar roba.

Washegari Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina zaune a tsakar gida, na rasa abin da ke mini daɗi. Randa saura ɗan ruwan da ba a rasa ba a ƙasanta. Sai muka ji sallama a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, ba ta wanda muka sani ba. Na ga Gwaggo ta ɗan daskare kafin ta amsa. Ta tashi, ta karkata randar ta tsiyayi ruwa a ƙwaryarta, ta nufi ƙofa. Kun san al'ada, baƙo ya yi sallama ruwa ake fara ba shi, ba a tambayar sunansa sai ya sha. Asabari ne a ƙofar, daga inda nake ba na ganin mutumin. Hannunsa kawai na gani ya zuro ta gefen asabarin, siriri, busasshe, yatsun kamar sun fi ƙarfin tafin, ya kama bakin ƙwaryar a hankali. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Ba don komai ba sai don ban ga sauran jikin ba, raina ya shiga ƙera mini shi.

Bawan Allah ne kawai da yunwa ta rame, ya sha, ya yi mana addu'a mai tsawo, ya wuce. Da Gwaggo ta dawo na ce, "Gwaggo, na ga kamar kin tsorata da ya yi sallama."

Ta ce, "Lawali, ni yanzu duk sallama tsoro take ba ni. Kura in ta zo sai in rufe ƙofa in yi kururuwa. Amma mai sallama fa? Ban san ko wane ne ba, ban san abin da ya biyo shi ba, kuma ba ni da ikon hana shi. Dole in je da ƙafata, in miƙa masa da hannuna."

Ban tsaya ta rufe baki ba na zura takalmi. Na je sinima a guje na ɗauko allon a ka, na kawo tsakar gida, na bi dodon nan da baƙin fenti na shafe shi kaf, ƙahonsa da tumbinsa. Na zana ƙofar gida irin tamu, da asabari a sake, bayansa duhu. Daga gefe guda hannun mace da awarwaro yana miƙa ƙwaryar ruwa. Daga ta bayan asabarin kuma wani hannu yana karɓa. A nan na zuba duk abin da Habu ya dasa mini. Na yi shi kalar fatarmu, farce a yanke tsaf, har da 'yar tsagar kaushi a gefen tafi, hannun mutumin kirki sosai. Abu guda na canza: kowane yatsa na ƙara masa gaɓa ɗaya. Na yi haka ne kuma don kar a ce na mai da mai jin ƙishirwa dodo. Wannan ba namu ba ne, kwaikwayonmu ya yi, ya ɗan yi kuskure. Gwaggo tana gefe tana tsince tsakuwa daga dawa, lokaci-lokaci tana ɗago kai tana duban allon.

Da safe na kai wa Alhaji. Ya duba ya ɓata rai. "Ina dodon? Fentina ka ƙarar a kan hoton mai neman ruwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙara dubawa."

Ya matso, ya gyara tabarau. Na ga idonsa ya tsaya a kan yatsun. Ya ɗaga nasa hannun ya duba, ya mai da ido kan allo, sai ya ja da baya ya ce, "A'uzu billahi! Kai, Lawali, mene ne a bayan asabarin nan?"

Na ce, "Sai an sayi tiken shiga, Alhaji."

Saura matsala guda, wato mai rigar roba yana nan a cikin fim yana jiran ya kunyata mu. Na hau wurin Mamman na ce masa duk inda abin ya fito gaba ɗaya a cire. Ya ce fim ɗin ba namu ba ne, in aka mayar da shi Yamai da gibi wuyansa za a kama. Na ce ai ba zubarwa za mu yi ba. Muka zauna muna warware bobin, wato naɗin fim ɗin, muna ɗaga shi a hasken rana, in mun ga tumbin nan sai almakashi, a haɗe bakin, guntun kuma Mamman ya naɗe shi ya ɗaura masa zare ya jera bi da bi don ya mayar daga baya. Muka bar inuwa, muka bar sawu a ƙasa, muka bar fuskokin mutane suna kallon abin da mu ba ma gani. Muka bar hannun nan na bakin ƙofa.

Ran Asabar na ce kar a kaɗa ƙararrawa, a tura kurar kawai a hankali. Ku zo ku ga ikon Allah! A bakin kasuwa mutane suka taru suna tambayar juna me aka zana. Sai ka ga mutum yana kallo yana murmushi, can murmushin ya ɗauke, ya sunkuyar da kai yana duban yatsunsa. Mai ƙosan nan da ta nemi cinya ta dafe ƙirji ta daka wa matar cikin allo tsawa, "Ke baiwar Allah, janye hannunki!" Ba wanda ya yi dariya. Kurar na tafe jama'a na biye, har Birni, har Sabon Gari.

Kafin a kira isha layi ya zagaye katanga. Bencina suka cika, kujeru suka cika, aka zauna a ƙasa har gindin farin bango, waɗanda ba su da halin shiga suka ɗare katanga da itatuwan dogon yaro, Alhaji ya ce a ƙyale su. Ni ina tsaye a baya. Fim ya fara, fili ya yi tsit. Duk inuwar da ta gifta sai ka ji numfashi ya ɗauke gaba ɗaya. Da aka zo wurin matar nan, ta ji motsi, ta nufi ƙofa, sai filin ya ɗauka baki ɗaya, "Kar ki buɗe! Kar ki buɗe!" Ta buɗe. Hannu ya zuro. Kai, ihun da aka yi na tabbata an ji shi a Kara-Kara! Wani ɗan dambe da duk gari ke shakka sai a ƙarƙashin benci aka same shi, wai takalminsa yake nema. Ni kuwa tsalle nake ina dukan bango don murna, Mamman yana leƙowa ta tagarsa yana washe baki.

Abin da ya fi burge ni shi ne gardamar da aka yi a bakin ƙofa bayan an tashi. Wannan ya rantse abin yana da ƙaho. Wancan ya ce ƙarya ne, ba shi da fuska ko kaɗan, shi ya gani da idonsa. Wata ta ce tsayinsa ya kai rufin ɗaki, ƙawarta ta ce a'a, gajere ne, shi ya sa ya fi muni. Alhali duk guntayen da abin ya fito suna cikin aljihun rigar Mamman. Kowa nasa dodon ya zo da shi daga gida, mu ƙofa kawai muka buɗe masa.

A nan na hangi dattijon Takieta yana saukowa daga katanga da sandarsa. Na tare shi na ce, "Baba, yau kuma a yanka a raba?"

Ya girgiza kai yana dariya, gumi na zuba. Ya ce, "Wane ni! Amma yaro, Allah ya yi maka albarka. Rabona da in ji tsoron da ake kunna fitila ya ƙare, har na manta."

Lahadi ma haka aka cika. Ran Litinin da safe kamiyo ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da buhunansa, Alhaji ya fita da kansa ya raka direban wata mangaza tasa, wato ɗakin ajiyar kaya, da ke bayan tasha, ya ce a zuba a can, ba ya son ko sisi. Dawa ta sami wurin kwana, mu ma muka sami namu. Mamman ya mayar da guntayensa ɗaya bayan ɗaya, fim ya koma Yamai da tumbinsa cikakke. Na ƙara shekaru masu yawa ina zana wa filin nan allo, har zamanin bidiyo ya zo ya rufe shi.

To Nasiru, wannan shi ne abin da wayarka ba ta gaya maka ba. Ƙara haƙora ba ya ƙara tsoro. Nemo abin da mutum ya saba da shi tun yana yaro, abin da ba zai iya guje wa ba, ka karkata shi kaɗan, sauran ka rufe, shi zai ƙarasa maka aikin da kansa. In kuma kana son ka san ko naka ya kama, ba yawan masu danna maka yatsa za ka duba ba. Ni ga yadda na san nawa ya kama.

Ran Litinin ɗin nan na koma gida da rana tsaka, maƙogwarona a bushe, bakina ya ƙi rufuwa don farin ciki. Na tsaya a ƙofa na yi sallama. Gwaggo ta amsa, na ji ta karkata randa, na ji takunta. Ta zo bayan asabari ta tsaya. Matar da ta goya ni, wadda ba ta taɓa taka ƙofar sinima ba, wadda ta san muryata a cikin dubu. Na zura hannu in karɓi ƙwaryar, sai na ji ta riƙe gam.

Ta ce, "Lawali ne?"

Na ce, "Ni ne mana, Gwaggo."

Ta ce, "To buɗe hannun in gani."

Na buɗe. Ta bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsanta, tana taɓa kowace gaɓa, sannan ta sakar mini ƙwaryar. Har Allah ya karɓi ranta ba ta taɓa hana baƙo ruwa ba, amma ba ta ƙara miƙa wa kowa ƙwarya ba sai ta duba hannunsa.